Hular Kwano Mai Kunnuwa

Shekarar da ciwon suga ya ƙarasa rufe idanun don Eleuterio Cifuentes, wanda duk garinmu na Piedra Mansa ke kira don Lute, kamar a ce malam Lute, ita ce shekarar da dusar ƙanƙara ta zubo mai kyau kamar da gayya. Mutumin da ya koya wa rabin garinmu zamiya da katako a ƙafa a kan ƙanƙarar dutse, har da fadan cocinmu, sai ga shi a gefen murhu da bargo a gwiwa, yana sauraron motocin da ke hawan dutse, yana gane kowace da kukan injinta. Yuli ya wuce a haka, Agusta ya raba. Ran nan ya aika a kira masa Nibaldo Sanhueza, mai tallan tukwanen gas.

Nibaldo ne ya riƙe 'yar don Lute ranar baftismarta, shi ya sa suke kiran juna compadre. Ban da wannan, babu abin da ya haɗa su a kan dutse sai dariya, kuma kullum ɓangare ɗaya ke yin ta. Nibaldo ya fara zamiya tun yana da gashi a kai, amma har ya yi sanƙo bai wuce matakin yara ba. Yakan ware ƙafafu, ya haɗe kawunan katakan a gaba kamar garma, ya turo ɗuwawu baya kamar mai lalubar kujera a duhu, ya gangaro a hankali yana ba kowa haƙuri. Don Lute yakan tsayar da ɗalibansa ya nuna shi da sanda, ya ce su kalli mutumin can da kyau, duk abin da ya yi su yi akasinsa.

Da Nibaldo ya zauna, matar gidan, Uberlinda, ta miƙa masa ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke zuƙa da tsinke, ta koma kicin, sai don Lute ya faɗi abin da ke ransa ba kwana-kwana. Yana so ya sauko daga ƙololuwa, ta gangarar da muke kira Wuyan Doki, kafin ƙanƙarar bana ta narke. Ya ji a rediyo cewa makafi na yi a wasu wurare: mai ido ya shige gaba yana kiran hagu da dama, makaho ya bi murya. Idan kuwa bana ta wuce bai sauko ba, to Nibaldo ya zo da motarsa ya kwashe katakan zamiyar ya yi benci da su, don ya gaji da jin ƙamshin kakinsu a bayan ƙofa.

Nibaldo ya kurɓi mate. Ya san mutumin. Ranar da katakan nan suka fita daga gidan, don Lute ba zai sake tashi daga gaban murhu ba sai an ɗauke shi.

Ya ce, "To, amma me ya sa ni, compadre? Garin nan cike yake da yaran da ka koyar."

"Ina neman mai murya irin ta jaki, mai tafiya irin ta kunkuru. Na duba ko'ina, guda ɗaya Allah ya yi."

"Ka duba?"

"Tun ina da abin dubawa."

Ba a hawa dutsen nan sai da yardar Yasna Curaqueo, shugabar masu tsaron gangara, wadda ita ma a hannun don Lute ta koyi tsayuwa a kan katako. Ta saurare su a 'yar rumfarta, ta daɗe tana kallon malaminta, sannan ta ce ta yarda, bisa sharaɗi. Za su sa riguna masu launin lemo don a gan su daga nesa, za su fara gwaji a gangarar yara, kuma dukansu biyu sai da hular kwano.

A nan aka sami tangarɗa. Mu mazan garin nan da muka haura hamsin, mun ɗauki hular kwano abin yara ne da baƙin Santiago. Kanmu ba ya sanin komai sai hular ulu ta saƙar gida, kuma muna da hujja mai ƙarfi, wato har yanzu muna raye. Waɗanda ba su rayu ba, ba sa zuwa muhawara. Nibaldo ya miƙe ya kawo wannan hujja da murya mai kauri, ya ƙara da cewa irin tafiyar da yake yi ko ƙwai ya ɗora a kai ba zai fashe ba. Yasna ta ce ta yarda, amma duk shekarun nan babu makaho mai nauyin buhu biyu da ke biye da shi a baya da gudu. Nibaldo ya juya ya dubi faɗin kafaɗun compadre ɗinsa, ya tambayi inda ake sayar da hular.

Uberlinda ba ta hana ba, ta dai kafa nata sharaɗin. Mijinta ba zai fita cikin iskar dutse da kunnuwa a buɗe ba. Kowa a garinmu ya san wani da iska ta buga, ya fito daga ɗaki mai ɗumi ya shiga sanyi, bakinsa ya karkace. Wanda ita ta sani kawunta ne, kuma har ya mutu ta gefe yake shan miya. Ta ce ido ya riga ya tafi, ba za ta ba da baki a bi da shi ba. Ta ɗauko hular da ta saƙa masa da ulun tumakin ƙanwarta, mai kauri kamar katifa, mai fikafikai biyu da ke rufe kunne a ɗaure a haɓa.

Babu wanda ya ga matsala a nan. A garinmu komai da wurin ulu muke saye. Takalmi a bar wurin safa biyu, riga a bar wurin suwaita, har akwatin gawa ina jin da za a tambaye mu da mun ce a ƙara faɗi. Saboda haka ranar kasuwa Nibaldo ya je wajen masu gwanjo, ya tono hular kwano biyu mafi girma a cikin tarin, ya gwada su a kan tasa hular ulun, ya ga har da sauran wuri, ya dawo yana yabon kansa a kan iya ciniki.

Ranar gwaji rana ta fito sarai. Suka tsaya a saman gangarar yara, iyaye na ja da 'ya'yansu gefe. Nibaldo ya shige gaba, ya kafa garmarsa, ya buɗe maƙogwaron da ke tayar da unguwa guda daga barci ya ce a tafi. Don Lute bai motsa ba. Ya sake kira. Sai da Yasna ta taɓa masa kafaɗa sannan ya tura sandunansa.

Ƙafafun ba su manta komai ba, wannan kowa ya gani. Ya taho a miƙe, gwiwoyi a haɗe, kamar bai taɓa zama gaban murhu ba. Nibaldo ya kira hagu. Don Lute ya ci gaba a miƙe. Nibaldo ya kira hagu da ƙarfin da ya sa wani kare a bakin titi ya amsa. Don Lute ya wuce shi ta dama, hular kwanon ta zamo ta rufe masa hanci, abin da bai rage masa komai ba, ya tafi bai karkata ko kaɗan ba har ya shige ragar da aka kafa a bayan rumfar mai soya wainar fulawar da muke kira sopaipilla. Ragar ta karɓe shi kamar kifi.

Da aka warware shi, ya ce shi bai ji an kira shi ba. Ya dai ji kamar wata saniya na kuka can cikin kwari.

Ba wanda ya yi dariya, sai mai suyar, ita ma ta mayar da ita tari. Yasna ta sa yatsa ɗaya a ƙeyar hular kwanon ta turo ta gaba, hular ta faɗo a hannunta ba tare da an kwance maɗaurin ba. Ta juya cikinta ta nuna wa Nibaldo wata tsaga a jikin farin abin da ke ciki, ta ce wani ya riga ya ci amfanin wannan hular a wani dutsen, sau ɗaya take aiki, yanzu kwano ce kawai. Araha ba ta ado. Ta ce su nemo sabuwa, kuma a kan fatar kai ake gwada ta, ba a kan tunkiya ba. Ta zauna daram, yatsu biyu sama da gira, ta kama kai ko'ina ba tare da ta matse ba, har mutum ya girgiza kai da maɗauri a kwance ba ta yi rawa ba. Ga don Lute kuma akwai ƙari, wanda ya fi duk sauran: dole ya ji.

Sannan ta rage murya. Ta ce ƙanƙarar ƙasa ta fara zama taɓo, ba sauran gangarar yara bayan wannan makon. Dama ɗaya ta rage, kuma daga ƙololuwa ce kai tsaye. Za ta bi su a baya. Idan aka yi kira ɗaya bai amsa ba, za ta tsayar da shi ta sauko da shi a gadon jan marasa lafiya, maganar kuma ta mutu.

"Ka yafe ni, malam," in ji ta.

Ya ce, "Da ni ne, ko wannan ba zan bayar ba."

Suka kama hanyar gida a mota. Don Lute ya riƙe hular ulun a cinya yana murza fiffikenta. Nibaldo ya gwada ba'a biyu, duk suka faɗi ƙasa, ya kama bakinsa. Da suka isa gida don Lute ya jingina katakan a waje, ba a bayan ƙofa ba, kuma wannan ya tsaya wa Nibaldo a rai har washegari.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun tsakiyar mako suka hau bas zuwa Temuco su uku, Uberlinda a tsakiya da jakar burodi da dafaffen ƙwai kamar masu ƙaura. Suka sami wani shagon kayan dutse a wani titi mai cunkoso. Mai shagon, wani dogo mai gashin baki, ya riga ya ɗauko makulli zai rufe ya tafi cin abincin rana, ya ga mutum uku sun toshe ƙofa.

Ya auna kan don Lute da igiyar awo, ya jero huluna a kan kanta. Don Lute ya bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu, yana shafa ciki da waje kamar mai sayen kankana. Wata ya ce ta yi nauyi. Wata ya sa ya girgiza kai, ta juya ta kalli gefe, ya ajiye. Wata ta matse masa goshi ta bar wuri a gefuna, ya ce an yi ta ne don mai kan ƙwai, shi kuwa nasa kan kabewa ne. Huɗu suka tsallake wannan zagaye. Mai shagon ya ɗauka an gama, ya fara yabon mafi tsadar cikinsu, wadda ake saka mata waƙa a kunne. Sai don Lute ya ce wa Nibaldo ya fita waje.

Abin da ya biyo baya, ina jin har yau ana ba da labarinsa a titin nan. Don Lute ya tsaya a bakin ƙofa da hular kwano a kai, ya juya wa titi baya. Nibaldo ya kama tafiya yana nisa yana kiran hagu, dama, dama, hagu, don Lute na ɗaga hannun da aka kira, Uberlinda na tsaye a matsayin alƙali. Mai waƙar ta faɗi tun Nibaldo bai wuce shagon maƙwabci ba. Ta biyu ta kai shi wajen mai gyaran agogo, ta uku ma a nan ta tsaya. Wani direban tasi da ke laluben wurin ajiye mota ya bi umarnin Nibaldo har sau biyu kafin ya gane ba da shi ake ba, ya leƙo ya faɗi wata magana a kan mahaifiyar Nibaldo. Wata tsohuwa ta tsaya ta tambayi Uberlinda ko sabuwar coci ce.

Ta huɗun ba ta da wani fasali. Amma fatun da ke rufe kunnenta sirara ne, kuma a tsakiyar kowanne akwai ƙananan huji kamar na rariya. Da ita Nibaldo ya wuce mai agogo, ya wuce kantin magani, ya kai kusurwar titi, motoci na wucewa tsakaninsu, hannun don Lute bai yi kuskure ko ɗaya ba. Daga can Nibaldo ya rage murya ya ce wani abu da ba hagu ba, ba dama ba. Don Lute ya amsa daga bakin ƙofa cewa shi ma haka, da duk danginsa.

Da Nibaldo ya dawo yana haki, don Lute ya tambayi launinta. Nibaldo ya ce baƙa ce wuluk, irin ta sojoji. Uberlinda ta ce ƙarya yake, ruwan hoda ce, kamar ta jikarsu. Mai shagon ya ce ita kaɗai ta rage a wannan girman.

Don Lute ya ce, "To ni zan gan ta? Ku ne za ku sha wahala. Naɗe min."

Nibaldo ya so wata ja mai zane da ta sa ya yi kama da matuƙin jirgin yaƙi, amma da ya girgiza kai sai ta gaishe da kowa a shagon. Ya ƙare da wata fara, zagayayya, wadda ta kama kansa kamar an zuba shi a ciki, ta kuma mayar da shi kamar tukunyar gas ɗin da aka yi wa fenti. Mai shagon ya ce ta yi masa kyau, idonsa na kan agogo.

Duk wannan Uberlinda ba ta ambaci hular ulu ba, kuma shirun ya fi damun Nibaldo a kan faɗa. Sai a bas, da mijinta ya yi barci da akwatin hular a ƙirji, ta ce ba tare da ta dube shi ba, "Compadre, ka dawo min da shi yadda na ba ka shi."

Ya ce da yardar Allah, comadre. Sannan ya ɓare ƙwai.

Ranar Lahadi sama ta yi garau, iska na kaɗawa kaɗan daga yamma. Labari ya riga ya zaga gari, mutanen da rabonsu da dutse tun suna samari duk sun hau, wai sun zo shan iska. Suka hau kujerar waya, mai kai mutane saman dutse a rataye, su biyu, ƙafafu na lilo a sama da kan bishiyoyi, Yasna a kujerar da ke bayansu. Nibaldo ba ya son tsayi, kuma idan tsoro ya kama shi surutu yake yi. Ya yi ta bayani a kan yadda ƙanƙarar ke sheƙi da inda rana ta lashe ta. Can ya lura ba a amsa masa. Ya ce compadre. Shiru. Ya zungure shi da gwiwar hannu.

Don Lute ya juyo ya ce, "Magana kake?"

Nibaldo ya dube shi da kyau. Hular ce dai ta Temuco, ga ta nan ruwan hoda tana ƙyalli. Ya cire safar hannu da haƙori, ya cusa yatsa ta ƙarƙashin fatar kunnen, ya ji laushi. Ya jawo. Ulu ne, an nannaɗe shi dunƙule, an shafa masa man zafi, an cusa shi a bayan hujin da kyau yadda ba za a gani ba. Ɗaya kunnen ma haka. Aiki ne na mai ƙauna, an yi shi tsaf.

Ya tsaya da dunƙulen farko a hannu. Gaskiya ita ce shi ma ya yarda da maganar iska. Ya san kawun Uberlinda, ya taɓa zama kusa da shi a wajen biki, ta ɓangaren da miyar ke fita. Ya faɗa cikin kunnen da ya buɗe cewa comadre ce, kuma iskar yau ba ta wasa ba ce.

Don Lute ya yi ɗan murmushi. "Na ji ƙamshin tun a gida, na ɗauka ƙirjina ta shafa wa. Cire ɗayan. Idan bakin ya karkace, tsinken mate ta gefe ma yana shiga."

Nibaldo ya cire, ya tura su can cikin aljihu kafin kujerar ta kai sama.

A ƙololuwa babu kowa sai su uku da iska. Yasna ta duba maɗaurin kowa, ta sa yatsa tsakaninsa da haɓa, ta koma baya. Don Lute ya juya fuska yana karɓar iskar a kumatu ɗaya sannan ɗayan, ya buga katakansa a ƙasa ya saurari amsar ƙanƙarar, ya ce ta yi tauri da dare amma ta fara sakin jiki, irin wadda yake so. Nibaldo ya yi alamar gicciye, hannunsa ya bugi hular ta yi ƙara. Ya shige gaba ya ce a tafi.

Wannan karon don Lute ya taho tun kafin kiran ya ƙare. Hagu, ya karkata hagu. Dama, ya karkata dama. Nibaldo na jin sautin katakansa a baya, shuu, shuu, kamar ana yanka yadi da almakashi mai kaifi, kuma sautin na matsowa. Sau biyu kan katakon don Lute ya taɓa wutsiyar nasa.

"Compadre, tafiya kake ko addu'a?"

"Duka biyun. Dama."

Haka suka zo bakin Wuyan Doki, inda ƙasa ke ɓacewa a gaban mutum sai ya ga rufin gidajen gari a tsakanin ƙafafunsa. Nibaldo ya yi abin da ya saba yi a nan duk rayuwarsa: ya ware ƙafafu iya warewa, ya danna garma, ya kusa tsayawa cak. Don Lute kuwa jikinsa ya gane inda yake. Ya ji ƙasa ta sunkuya, ya sunkuya tare da ita, ya wuce Nibaldo ta dama, iskarsa kawai ta bugi kumatu.

Nibaldo ya ga rigar lemo da hula ruwan hoda suna ƙanƙancewa a gabansa. A hagu akwai layin bishiyoyi. A ƙasa kaɗan akwai baƙin dutsen da rana ta tono. Makahon na tafiya ne da yaƙinin cewa murya na nan tafe, kuma murya ba ta isa inda mai ita bai kusanta ba. Nibaldo bai yi wani tunani mai zurfi ba, daga baya ma da aka tambaye shi ya ce da ya yi tunani da ya zauna. Ya jawo ƙafafunsa ya haɗe su, karo na farko tun da aka haife shi, dutsen kuwa ya karɓe shi ya jefa ƙasa.

"Dama!"

Hular ruwan hoda ta karkata dama, bishiyoyin suka wuce.

"Hagu! Riƙe, riƙe. Dama!"

Iska ta cika masa baki, hawaye na gudu zuwa kunnuwa a cikin tabarau. Bai san yadda yake juyawa ba. Ya dai lura duk abin da ya kira wa don Lute, nasa ƙafafun ma suna ji suna bi, kamar su ma jira suke a yi musu tsawa. Da yake a baya yake, yana ganin komai: inda ƙanƙara ta yi tudu, inda ta yi santsi, wani baƙo da ya tsaya ɗaukar hoto a tsakiyar hanya. Ya kira, don Lute ya zagaye baƙon kamar ya gan shi, ya bar shi da baki buɗe. Baƙin dutsen ya zo ya wuce ta hagu da tazara mai yawa. Mutanen da ke kan kujerun waya a sama suka yi tsit, sannan wani ya fara buga sandunansa, sauran suka ɗauka, ƙarar ta bi su har ƙasa.

Da fili ya buɗe, Nibaldo ya tattara abin da ya rage masa na numfashi ya ce a tsaya. Don Lute ya juya katakansa gefe guda ya tsaya cak, ƙanƙara ta tashi ta watsu a kan 'yan kallon gaba. Shi kuwa mai ba da umarnin babu wanda ya ba shi nasa. Ya wuce compadre ɗinsa, ya wuce 'yan kallo da suka dare masa, ya tafi har inda ƙanƙara ta ƙare ciyawa ta fara, katakan suka tsaya, shi bai tsaya ba. Ya tashi da ciyawa a baki da taɓo a kan farar hular, ya tattaɓa jikinsa, ya tarar komai na nan inda ya bar shi.

Kafin ya dawo an kewaye don Lute. Mutumin na tsaye yana haki, fuskarsa a sama, yana dariyar da rabon garin da jin ta tun kafin ciwon. Uberlinda ta ratsa mutane ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta juya ta hagu, ta juya ta dama, ta duba da kyau, sannan ta kifa goshinta a ƙirjinsa.

Yasna ta iso fuskarta ja wur. Ta fara da Nibaldo. Ta ce an ce ɗan jagora a gaba, a gaba, ko akwai wani abu a kalmar da bai gane ba? Nibaldo ya ce shi ma haka ya so, ba a nemi shawararsa ba. Ta juya ga malaminta. Ta cire tabarau ta goge ido da bayan hannu, ta ce iska ce. Sannan ta ce ta kasa kunne tun daga sama har ƙasa tana jiran kira ɗaya ya faɗi banza, bai faɗi ba. Daga yau dutsen a buɗe yake gare shi, bana da baɗi, muddin da wannan hular da wannan maƙogwaron. Ɗan jagora kuma ya riƙa bin baya, tunda an gwada an gani.

Aka yi tafi. Wani ya miƙo wa Nibaldo sopaipilla mai zafi, ya karɓa. Ya hango wani benci a rana, ya ƙudura a ransa zai zauna a kai har Talata.

Sai ya ji an kama masa gwiwar hannu. Don Lute ne, ya riga ya juya fuska wajen da injin kujerun ke kuka.

"Har yanzu akwai rana a sama?"

Nibaldo ya ɗaga kai. Ƙololuwar na nan fara fat, babu ko gajimare ɗaya da mutum zai fake da shi. Ya yi tunanin yin ƙarya, ya tuna akwai shaidu fiye da ɗari.

Ya ce, "Akwai."

"To me muke jira? Wannan karon ka ɗan saki jiki, compadre, a ƙarshen nan na ji muryarka na nisa."

Nibaldo ya cusa sopaipillar gaba ɗaya a baki don kada ya faɗi abin da ya zo masa, ya gyara maɗaurin haɓarsa, suka nufi layi. Mutanen da ke kan layin suka matsa suka ba su gaba, ba wanda ya tambayi Nibaldo ko yana so.